Auna Iskar Oksijin a Jijiyoyin Bayan Ido: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Ciwon Suga da Masu Sikila a Kaduna

Tun lokacin korona, a 2020, mutanen Kaduna suka san 'yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa ta nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Daga nan ne tambaya ta fara yawa a ɗakin duba ido inda nake aiki. Da mun ce wa mai ciwon suga bayan idonsa ba ya samun isasshiyar iska, sai ya ce, "To ku auna mana mu gani, ai akwai na'ura." Tambaya ce mai kan gado. Lallai ana iya auna oksijin a jijiyoyin bayan ido, kuma abin da awon ya nuna ya ba likitoci mamaki. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi mana, na amsa su yadda nake amsa wa dattijon da ke zaune a gabana da ɗan da ya rako shi.

Mece ce retina, kuma me ya sa ake damuwa da iskar da take samu?

Retina wani tantani ne da ke shimfiɗe a bangon ido ta ciki, can baya. Kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Haske yana shigowa ta baƙin ido ya sauka a kansa, shi kuma ya juya hasken zuwa saƙo, jijiyar gani ta ɗauka ta kai wa ƙwaƙwalwa. Duk abin da ka taɓa gani a duniya, ta nan ya bi.

Wannan aiki yana cin oksijin ƙwarai. Idan aka kwatanta da nauyinta, retina tana cikin sassan jikin da suka fi kowanne shan iska, kuma ba ta da rumbun da za ta ajiye. Shi ya sa Allah Ya yi mata hanyoyin jini biyu. Ɗaya tana shigowa ta tsakiyar jijiyar gani, ta rarrabu a saman retina kamar rassan bishiya, tana ciyar da rabin da ke ciki. Ɗayar kuma shimfiɗar jijiyoyi ce mai yawan jini da ke bayan retina, wadda likitoci ke kira koroid, ita ke ciyar da ƙwayoyin da suke karɓar haske. Rassan nan na sama su ne likita yake gani idan ya haska cikin idonka, kuma babu wani wuri a jikin ɗan Adam da ake kallon jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru haka ba tare da an tsaga fata ba.

Ta yaya ake auna iskar da ke cikin jijiyar da ba a taɓa ba?

Da launi. Duk wanda ya taɓa ganin yanka ya san jini ba launi ɗaya ba ne: akwai ja wur, akwai mai duhu. Bambancin yana wajen himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini wanda yake ɗaukar oksijin. Idan ya ɗauki iska sai ya yi ja mai haske, idan ya sauke sai ya yi duhu.

Na'urar da ake awon da ita kyamarar ɗaukar hoton bayan ido ce da aka ƙara mata wani kai mai raba haske gida biyu. Walƙiya ɗaya, hoto biyu. Na farko ana ɗaukarsa da hasken da tsawon zangonsa nanomita 570 ne (da wannan ma'auni ake bambanta launukan haske), wanda jini yake shanye shi daidai wa daida, ko yana ɗauke da oksijin ko ba ya ɗauke. Na biyu da nanomita 600, inda jini mai oksijin yake barin haske ya wuce, marar oksijin kuma ya shanye da yawa. Sai kwamfuta ta bi kowace jijiya, ta kwatanta duhunta da hasken wurin da ke gefenta a hotunan biyu, ta fitar da lamba. A allo za ka ga jijiyoyin an shafa musu launi, ja ga mai yawan iska, kore da shuɗi ga mai ƙaranci.

Wannan ita ce hanyar na'urar Oxymap da aka ƙera a ƙasar Aisland, inda Farfesa Einar Stefánsson da abokan aikinsa suka daɗe suna wannan bincike. Kamfanin Imedos na garin Jena a Jamus yana da tasa, mai amfani da hasken nanomita 548 da 610. Tunanin kansa tsoho ne. Hickam da Frayser na Jami'ar Duke a Amurka sun gwada shi da fim ɗin hoto tun wajen 1960, François Delori kuma ya fito da na'ura mai haske uku a 1988. Abin da ya sauya shi ne zuwan kyamarar dijital da kwamfuta, wadda take yin lissafin cikin 'yan daƙiƙu.

Ba daidai take da ta yatsa ba ke nan?

Uwarsu ɗaya, aikinsu daban. Ta yatsa tana amfani da jan haske da wani haske da ido ba ya gani, tana bin bugun zuciya, ta gaya maka iskar da ke cikin jinin da zuciya ta turo. Labarin huhu da zuciya take bayarwa. Mutum zai iya samun 98 a yatsa alhali wani yanki na bayan idonsa yana mutuwa da yunwar iska. Ta ido tana auna jinin da ya shigo da wanda zai fita, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin da retina ta sauke.

Nawa ne lambar lafiyayyen ido?

A binciken da aka yi a Aisland a kan lafiyayyun mutane, jijiyoyin da ke kawo jini sun nuna kusan kashi 92 cikin 100, masu mayar da jini kuma kusan kashi 55. Wato retina tana sauke abin da ya haura kashi 35. Amma kada a riƙe waɗannan lambobi kamar awon zafin jiki. Sukan sauya daga na'ura zuwa na'ura, da shekarun mutum, da faɗin jijiyar, har da irin mutanen da aka auna. Wani lokaci ma na'urar takan rubuta 103 ko 105, abin da ba zai yiwu a zahiri ba. Dalili shi ne ƙiyasi take yi bisa ma'aunin da aka saita ta da shi. Inda ta fi amfani shi ne kwatanta idon dama da na hagu, ko ido ɗaya bara da bana.

Wace irin jijiya ce a bayan ido likitoci suke kira "marar kyau"?

Nan ne ciwon suga ya shigo. Suga mai yawa a jini, shekara da shekaru, yana lalata bangon 'yan siraran jijiyoyin retina, waɗanda faɗinsu bai wuce na jar ƙwayar jini guda ba. Da farko sukan yi 'yan ƙulli-ƙulli kamar kan allura, su riƙa yoyon jini da ruwa. Daga baya wasu su toshe gaba ɗaya, wurin da suke ciyarwa ya zama fako. Manyan jijiyoyi masu mayar da jini su kumbura nan su tsuke can kamar carbi, wasu su yi lanƙwasa. A gefen fakon kuma sai a ga wasu karkatattun jijiyoyi masu faɗi a cikin naman retina.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda muke tsoro. Wurin da ya rasa iska yana sakin wani sinadari da ake kira VEGF, kamar kukan neman agaji, yana cewa a ƙirƙiro sababbin jijiyoyi. Tun 1948 wani likitan ido mai suna Isaac Michaelson ya ce dole akwai irin wannan sinadari, amma sai a 1989 Napoleone Ferrara ya ware shi, a 1994 kuma aka nuna yana da yawa a ruwan idon masu wannan ciwo. Yadda ƙwayoyin jiki suke gane ƙarancin oksijin har su saki irin wannan saƙo shi ne binciken da ya sa aka ba Kaelin da Ratcliffe da Semenza kyautar Nobel a 2019.

Sababbin jijiyoyin da suke tsirowa ba su da ƙwari. Ba sa komawa cikin fakon da ya kira su, sai su hau saman retina su miƙe cikin ruwan nan mai kauri da ya cika ido. Su fashe, jini ya rufe gani dare ɗaya. Ko su bar tabo mai jan retina har ya ɓamɓaro ta daga bango. Maganin da jiki ya kawo ya zama shi ne cutar.

Idan bayan idon mai ciwon suga yana fama da ƙarancin iska, ai na'urar ƙaramar lamba za ta nuna ko?

Haka kowa ya zata, har da masu binciken. Sai aka ga akasin haka. A masu ciwon suga da ya taɓa ido, jinin da ke fita daga retina ya fi na lafiyayye yawan oksijin, kuma lambar tana ƙaruwa yayin da ciwon yake tsananta. An ga haka a Jena, an gani a Aisland, an gani a Denmak.

Ga yadda nake bayyana wa mutanenmu. Ka ɗauki tirela da ta ɗauko kaya daga hanyar Abuja. Idan ta shiga gari, ta tsaya a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ta sauke a nan ta sauke a can, kafin ta kai Kawo ta yi sauƙi. Amma idan titunan cikin gari sun toshe, direba ya bi baifas ɗin Nnamdi Azikiwe, zai iso Kawo da kayansa cike. Wanda ya tsaya a Kawo yana duba motoci zai ce gari a ƙoshe yake, tunda ga kaya nan suna wucewa. Alhali 'yan kasuwa ba su ga komai ba. Haka jini yake yi idan siraran jijiyoyi sun toshe: ya bi gajeriyar hanya mai faɗi daga jijiyar shigowa zuwa ta fita, bai sauke iskarsa ba.

Akwai wasu dalilan da suke taruwa a kai. Bangon siraran jijiyoyin da suka rage yana yin kauri, iska ba ta ratsa shi da sauƙi. Himogulobin da suga ya manne masa yana riƙe oksijin da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Sannan naman da ya riga ya mutu ba ya cin komai, don haka buƙatar ma ta ragu. Wannan dalili na ƙarshe ne ya sa ake ganin irin wannan hawan lamba a hawan jinin ido da ya yi nisa, da kuma ciwon gadon nan mai farawa da dundumi yana cinye ƙwayoyin karɓar haske a hankali.

A ganina wannan shi ne babban abin da awon ya koya mana. Matsalar ba rashin iska a jini ba ce, rabon ne ya lalace. Na'urar tana auna abin da ke cikin jijiya, ba abin da ya isa ga naman retina ba, kuma duk wanda ya manta wannan zai karanta sakamakon a juye.

To akwai ciwon da lambar take sauka?

Akwai. Idan babbar jijiyar da ke fitar da jini daga retina ta toshe, abin da ya fi samun dattawa masu hawan jini, jini yakan tsaya cik kamar cunkoson motoci. Tunda ya daɗe a wurin, retina tana tatse iskarsa, sai lambar jijiyoyin fita ta faɗi ƙasa da ta ɗayan idon.

Ana iya auna iskar da ke cikin sababbin jijiyoyin su kansu?

Wannan shi ne wuri mafi wahala. An gina na'urar ne don manyan rassan da ke kewaye da kan jijiyar gani, masu faɗin gashin kai ko fiye. Idan jijiya ta fi haka sirantaka, duhunta a hoto yana gauraya da hasken gefenta, sai lissafi ya karkace. Shi ya sa yawancin masu bincike suke cire duk jijiyar da ba ta kai wani faɗi ba. Sababbin jijiyoyi kuwa sirara ne, a murɗe suke, suna hawa kan juna. Sau da yawa sun ɗago daga saman retina, don haka ba sa fitowa sarai a hoto, ga kuma ɗigon jini ko tabo a gefensu da ke ɓata wurin da ake kwatantawa da shi.

Duk da haka an gwada. Farfesa Toke Bek na asibitin Jami'ar Aarhus a Denmak ya auna sababbin jijiyoyi masu ɗan girma a idanun masu ciwon suga, ya tarar iskar da ke cikinsu ta yi kusa da ta jijiyoyin da ke kawo jini. Ma'ana jinin da ke bi ta cikinsu bai ratsa siraran jijiyoyi ya sauke kayansa ba. Wannan ya ƙarfafa bayanin baifas da na kawo. Ya kuma nuna cewa sababbin jijiyoyin, duk da haɗarin da suke jawowa, ba sa ciyar da wurin da ya kira su.

Ɗana yana da sikila. Wannan maganar ta shafe shi?

Ta shafe shi ƙwarai, Hajiya, kuma ina so iyaye su ji wannan. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita kowace shekara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma yana ɗauke da AS. Mun saba da ciwon ƙashi da ƙarin jini, amma ba kasafai ake tuna ido ba.

Jajayen ƙwayoyin mai sikila suna lanƙwashewa kamar lauje idan iska ta yi ƙaranci, su toshe ƙananan jijiyoyi. A ido, toshewar tana farawa ne can gefen retina, nesa da tsakiyar gani, shi ya sa yaro ba ya jin komai. Morton Goldberg ya tsara matakan ciwon guda 5 a 1971: jijiya ta toshe, jini ya buɗe gajeriyar hanya tsakanin ta shigowa da ta fita, sababbin jijiyoyi su tsiro a baje kamar mafici, su zubar da jini, daga ƙarshe retina ta ɓamɓare. Wasu mafitan sukan bushe da kansu, wasu ba sa bushewa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne masu nau'in sikila na SC, waɗanda jikinsu ya fi na masu SS sauƙi, su ne suka fi fuskantar wannan matsalar ta ido. Saurayi mai SC da bai cika kwanciya asibiti ba yakan ɗauka ya tsira, sai a shekarunsa na ashirin ko talatin gani ya rufe.

Na'urar auna oksijin ba ta da ƙarfi a nan, domin hotonta na tsakiya ne, ɓarnar kuma tana gefe. Abin da ɗanki yake buƙata shi ne a buɗe baƙin idonsa da magani a duba har gefe, daga shekara 10, sannan kowace shekara ko yadda likita ya tsara.

Launin fatarmu yana shafar sakamakon?

Yana shafa, kuma wannan abu yana damuna. Ba fata kaɗai ke da launi ba. Bayan idon baƙar fata ya fi na Bature duhu, saboda sinadarin launi ya fi yawa a koroid. Na'urar tana lissafi ne da kwatanta jijiya da bangon da ke bayanta, kuma sinadarin launin ba ya shanye hasken nan biyu daidai wa daida. Bango ya sauya, lamba ta sauya. Lambobin lafiyayyu da aka fi ambata kuwa daga Turawan arewacin Turai aka samo su.

Mun riga mun ga irin wannan a na'urar yatsa. A 2020 likitocin Jami'ar Mishigan sun wallafa cewa tana ɓoye ƙarancin iska a baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da fararen fata. Saboda haka duk asibitin da zai yi aiki da na'urar ido a ƙasar Hausa, aikinsa na farko shi ne ya auna lafiyayyun mutanenmu, maza da mata, yara da dattawa, ya san tamu lambar. Kaduna tana da abin da wannan aiki yake buƙata: ga Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa a Mando, ga asibitin koyarwa na Barau Dikko, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ga kuma masu ciwon suga da sikila da suke zuwa daga jihohin arewa. Ina fatan matasan likitocinmu za su ɗauki wannan aiki.

Yanar ido ma tana ɓata awon, domin tana tare wani haske fiye da wani. A wajenmu kuwa yanar ido ce kan gaba wajen makanta: binciken ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna ita ce sanadin kusan kashi 43 cikin 100 na makanta a masu shekara 40 zuwa sama. Dattijo mai suga da yanar ido, sai an cire yanar kafin hoton ya yi ma'ana.

Akwai zafi? Ana yin allura?

Babu allura, ba a taɓa idon. Ana ɗiga maganin buɗe baƙin ido, ya ɗan yi yaji na 'yan daƙiƙu, a jira minti 20 zuwa 30. Ka ɗora haɓa a kan na'ura, ka kalli ɗan haske, a yi walƙiya. Bayan haka gani yana dishi-dishi na awa 4 zuwa 6, rana kuma tana damun ido. Ka zo da baƙin tabarau da ɗan rakiya, kada ka tuƙa mota ko babur. Mai ciwon suga ya taho da abincinsa da maganinsa, domin layi yana iya tsawo.

Sakamakon yana sauya maganin da za a yi min?

A yau, a'a. Ko a Turai wannan awo kayan bincike ne, ba shi likita yake dubawa ya yanke shawarar lesa (ƙuna da haske mai ƙarfi) ko allura ba. Abin da ake dogara da shi shi ne duba bayan ido bayan an buɗe shi, da hoton OCT mai nuna kumburin tsakiyar retina, da hoton da ake ɗauka bayan an sa rini a jijiyar hannu, wanda yake nuna inda ya toshe da inda yake yoyo.

Amma maganin kansa labarin oksijin ne. Lesa tana ƙona ɗigo-ɗigo sama da 1,000 a gefen retina. Mutane sukan tsorata su ce, "Likita, ƙona min ido za ku yi?" Abin da ake ƙonawa ƙwayoyin karɓar haske ne na gefe, waɗanda suka fi cin iska. Idan sun ragu, iskar koroid tana ratsowa ta tabon ta isa cikin retina, kukan neman agaji ya lafa, sababbin jijiyoyi su yanƙwane. Ana sadaukar da ɗan gefen gani da ɗan ganin dare don a tsirar da tsakiya. Babban binciken da aka yi a Amurka a shekarun 1970 ya nuna lesa tana rage haɗarin mummunar asarar gani da fiye da rabi. Kafin a samu lesa ma, wani likitan Jamus, Meyer-Schwickerath, da hasken rana ya fara wannan ƙuna a Hambug a ƙarshen shekarun 1940.

Allurar cikin ido kuwa, Avastin ko Lucentis ko Eylea, tana kama sinadarin VEGF ne ta hana shi aiki. Tana rage kumburi, tana janye sababbin jijiyoyi da sauri, amma ba ta buɗe waɗanda suka toshe. Fakon yana nan, don haka idan ƙarfin maganin ya ƙare bayan wata ɗaya ko biyu, kukan yana dawowa. Wanda ya zo daga Birnin Gwari ko Saminaka, wanda kuɗin mota da na allura za su iya hana shi dawowa a kan lokaci, ya faɗa wa likita gaskiya tun farko. Sau da yawa lesa ta fi masa aminci, domin aikinta yana daɗewa.

Inda ake sa rai awon zai yi amfani nan gaba shi ne gane idon da ya kusa tsirar da sababbin jijiyoyi tun kafin su fito, da bin diddigin ko magani ya kama, ba tare da allurar rini ba.

Tunda ƙarancin iska ne, in sayi tukunyar oksijin in riƙa shaƙa a gida?

Kada ka yi, Malam. Jininka ya riga ya cika da iska, hanyar isarwa ce ta toshe. Jijiyoyin retina kuma tsukewa suke yi idan oksijin ya yi yawa.

An koyi wannan darasi da hawaye. A shekarun 1940 zuwa farkon 1950, asibitocin Amurka da Turai suna cika kwalabar bakwaini da oksijin ba awo, dubban jarirai suka makance. Kate Campbell a Ostireliya a 1951, da Arnall Patz a Amurka jim kaɗan bayanta, su ne suka nuna dalili: yawan iska yana dakatar da tsirowar jijiyoyin idon bakwaini, idan aka fitar da shi kuma sai retina ta shiga yunwa ta tsirar da marasa kyau. Oksijin yana ceton ran bakwaini, amma da awo. Uwar da ta haifi bakwaini aka sa masa iska ta nemi likitan ido ya duba shi kafin ya cika wata ɗaya, ko da an sallame su.

To me zan yi da kaina?

Mai ciwon suga na manya ya je a duba bayan idonsa da zarar an gano ciwon, domin yawanci ya daɗe a jiki kafin a sani, sannan kowace shekara. Wanda ya fara tun yana yaro, cikin shekara 5 na farko. Mace mai suga da ta samu juna biyu, a watannin farko, domin ciki yana iya hanzarta ɓarnar. Ka ce a fili "a buɗe idon a duba baya", domin gwajin tabarau a shago ba ya nuna wannan.

Riƙe suga yana aiki. Binciken da aka kammala a Amurka da Kanada a 1993 ya nuna masu suga tun ƙuruciya da suka tsare sugansu sosai sun rage haɗarin kamuwar ido da kashi 76 cikin 100. Na Birtaniya a 1998 ya nuna saukar da hawan jini ma yana rage ci gaban ɓarnar. Taba kuma a bar ta.

Wace alama ce ba a kwana da ita?

Baƙaƙen ɗigo ko zare-zare da suka cika gani farat ɗaya kamar an watsa toka. Walƙiya a gefen ido ba hadari. Wani abu kamar labule yana rufowa daga gefe ko daga ƙasa. Gani ya ragu a ido ɗaya da safe ba tare da zafi ba. Jan ido mai tsananin ciwo a mai suga da ya daɗe, wanda yana iya nufin sababbin jijiyoyi sun toshe magudanar ruwan ido. Ko ɗaya daga cikin waɗannan, a tafi asibitin ido a ranar. Kada a ɗiga tozali ko ruwan ganye, kada a kai wa masu kwantar da yanar ido na gargajiya. A taho da katin asibitin suga ko na sikila da duk magungunan da ake sha.